Neman Wuƙa a Kasuwar Bindigogi ta Tulsa

Duk wanda ya doshi filin baje koli na Expo Square da ke birnin Tulsa, a jihar Oklahoma ta Amurka, abin da zai fara tarbarsa shi ne wani ƙaton mutum-mutumi ruwan ɗorawa, na ma'aikacin haƙar mai, da hular kwano a ka, ya dafa hasumiyar rijiyar mai da hannun dama. Tsayinsa ya kai mita 23, yana kuma nan tsaye tun 1966, zamanin da Tulsa ke yi wa kanta kirari da hedikwatar man fetur ta duniya. Dogon zauren da ke bayansa ma don baje kolin kayan haƙar mai aka gina shi. Wannan harka ta daɗe da yin ƙaura, amma zauren bai rasa abin yi ba. Sau biyu a shekara, cikin Afrilu da Nuwamba, ranakun Asabar da Lahadi, ana jera tebura sama da 4,000 a cikinsa domin baje kolin makamai na Wanenmacher, wanda masu shi ke cewa duk duniya babu na biyunsa. Masu sha'awar tara tsofaffin makamai ne suka assasa shi a 1955.

Tun da sanyin safiya layi ke miƙewa. Galibi maza ne, da yawansu sun manyanta, cikin wandon jins da hular hana-sallah, wasu da doguwar bindiga rataye a kafaɗa an manna mata takardar farashi. A bakin ƙofa ana karɓar kowace bindiga a duba, a tabbatar babu harsashi, sannan a ɗaure ta da zaren roba yadda ba za ta iya tashi ba. Da ka shiga, ƙamshin man goge ƙarfe da na tsohuwar fata ne ke fara dukan hanci. Zauren hawa biyu ne da gangara a tsakani, kuma in ka tsaya a wannan ƙarshe ba ka iya tantance fuskar wanda ke wancan.

Ni dai ba bindiga ta kai ni ba. Ko da ina so ma, baƙo mai bizar ziyara doka ta hana shi saye, sai da wasu 'yan togaciya. Ɗan ƙasa kuwa, in a hannun dillali mai lasisi zai saya, sai ya cika takarda mai lamba 4473, a tura sunansa ga hukumar FBI ta bincika, tsarin da ake bi tun 1998. Cinikin da ake yi tsakanin mutum da mutum ba tare da wannan bincike ba shi ne abin da Amurkawa suka daɗe suna ta da jijiyar wuya a kansa, wannan kuma wani zance ne daban. Wuƙa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ka miƙa kuɗi, a miƙo maka, shi ke nan. Babu takarda, sau da yawa babu rasit, kuma ranar Litinin mai teburin ya kama hanyar wata jiha. Idonka da hannunka su ne shaidunka.

Wuƙaƙen ba su da layi nasu. A warwatse suke, tebur ɗaya nan, uku can, tsakanin masu harsashi da masu tsofaffin kakin soja. Waɗanda suka fi jan ido su ne suka fi cancantar a wuce su: tarin wuƙaƙe masu launin bakan gizo, masu ƙahonni da haƙora, masu zanen ƙoƙon kai, ana sayar da su kamar gyaɗa. Yara matasa ne ke cincirindo a nan. Ƙarfen nasu laushi gare shi, kwali biyu za ka yanka su dakushe. Kusa da su akwai waɗanda suka fi haɗari ga aljihu, wato jabun manyan kamfanoni. Za ka ga wuƙa mai tambarin Benchmade ko Spyderco, har da kwalinta, a kan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da aka san ta da shi. Araha dai ba ta ado.

Sai teburan ƙarfe mai zane, wanda suke kira da sunan birnin Dimashƙa. Ruwan wuƙar yana da layuka masu lanƙwasa kamar an zuba mai a kan ruwa, domin ƙarfe iri biyu ake jerawa, a gasa, a doke su su haɗe, a ninke, a sake dokewa, daga ƙarshe a tsoma a ruwan asid zanen ya fito. Wani maƙeri Ba'amurke, Bill Moran, shi ya farfaɗo da wannan aiki a ƙasar a 1973. Amma mafi yawan masu arahar da ke kan teburan nan daga Pakistan ake shigo da su, musamman garin Wazirabad da ya shahara da ƙirar wuƙa. Akwai gwanaye a garin, ba a musu. Matsalar ita ce dillalin da ya saro su a kwali ba zai iya gaya maka irin ƙarfen da ke ciki ba, balle yadda aka gasa shi. Na tambayi wani, ya ce min ƙarfe ne mai kyau ƙwarai. Na sake tambaya wane iri, ya maimaita min cewa mai kyau ne ƙwarai. Na yi godiya na yi gaba.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen dattawa masu akwatunan gilashi. Waɗannan ba su kiran ciniki. Suna zaune a kujerar naɗewa da kofin gahawa, gabansu ƙananan wuƙaƙen aljihu jere a kan jan ƙyalle, yawancinsu ƙirar kamfanin Case na garin Bradford a jihar Pennsylvania, masu mariƙin ƙashi da aka sassaƙa aka rina. Wani dattijo mai gilashi a kan karan hanci ya ga na tsaya, ya buɗe akwatin, ya zaro ɗaya, ya miƙo min tare da madubin ƙara girma. Ya nuna min gindin ruwan wuƙar, daidai inda yake shiga mariƙi. Ƙarƙashin sunan kamfanin akwai ɗige-ɗige ƙanana a jere. A 1970 kamfanin ya fara buga ɗigo goma, kowace shekara kuma ya cire ɗaya. Na ƙirga bakwai. Ke nan a 1973 aka ƙera ta. Daga nan ya juya ta a haske ya nuna min abin da shi yake dubawa: ko an taɓa goge ruwan da inji don a ɓoye tsatsa, abin da ke sa haruffan tambarin su yi shafe-shafe, ko ruwan ya rame saboda yawan washi, ko ƙusoshin mariƙin na asali ne. Ya rufe ta, ta yi wani ɗan sauti, ƙas. Ya ce wannan sautin shi ne lafiyar sifirin ɗinta, wadda ta gaji a hankali take komawa kamar mai jin barci.

A wurin irin waɗannan mutane, wuƙar da ba a taɓa yanka komai da ita ba ta fi wadda ta yi aiki tsada, wani lokaci ninki da yawa. Abin ya ɗaure min kai da farko. Amma nan ne na fahimci yadda kasuwar take: ƙarfe ana sayar da shi da kuɗinsa, labarin da ke tare da shi ma da nasa kuɗin, kuma sau da yawa na labarin ya fi yawa.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar teburan kayan yaƙi. Ga wuƙar Ka-Bar da sojojin ƙundumbalar ruwa na Amurka suka amince da ita a 1942, ruwanta inci 7, mariƙinta faifan fata ne aka jera aka matse. Kamfanoni da dama ne suka ƙera ta lokacin yaƙi, har yau kuma ana ƙera sabuwa, don haka tsohon kube da ɗan tsatsa ba su isa hujja ba. Ga takubban Japan da sojoji suka dawo da su bayan 1945. Ga wuƙaƙen ado na Jamus ta zamanin Hitila, waɗanda jabunsu ya cika duniya, kuma ni ko na gaskiyar ban ga abin sha'awa a ajiye shi a ɗaki ba. Ga manyan wuƙaƙen Bowie, masu sunan Jim Bowie wanda ya yi suna a wani faɗa da aka gwabza a kan yashin kogin Misisipi a 1827. Abin dariyar shi ne, wannan wuƙa da Amurkawa ke ɗauka tamkar tutarsu, da yawa daga cikin tsofaffinta a birnin Sheffield na Ingila aka ƙera su aka yi musu jigila. Kusan kowace a nan tana da kakan da ya riƙe ta a fagen fama. Masana harkar ba sa biyan ko sisi a kan kakan, sai an nuna takarda ko hoto.

Akwai labarin da ya cancanci kuɗinsa. Wuƙaƙen Randall, da ake ƙerawa da hannu a Orlando ta jihar Florida tun ƙarshen shekarun 1930, wanda ya yi oda daga maƙerar sai ya jira shekaru kafin ta iso. A Tulsa kuwa ga su a gilashi, ka biya ƙari ka tafi da ita yau. Nan aƙalla ka san abin da ka saya da ƙarin: jira aka ɗauke maka.

Amma in za a tambaye ni dalili ɗaya da zai sa mutum ya biya kuɗin shiga ya sha wannan tafiyar ƙafa, maimakon ya yi oda ta intanet yana kwance, zan ce maƙeran da ke zaune bayan aikin hannunsu. Ba su da wuyar ganewa. Wuƙaƙensu ba su da yawa, goma ko sha biyu, hannayensu duk tabon ƙuna, kuma damtsen hagunsu a aske yake fal-fal saboda gwajin kaifi. Na tsaya gaban wani mai gemu, na yi masa irin tambayar da na yi wa dillalin ɗazu. Ai kuwa kamar jira yake. Ya ce wannan 1095 ce, ƙarfe mai yawan sinadarin kabon, tana ɗaukar kaifi da sauri amma in ka bar ta da jini ko lema za ta yi tsatsa kafin gari ya waye. Ya faɗi taurin da ya kai ta a ma'aunin Rockwell, 59, da dalilin da bai wuce nan ba: in ta yi tauri da yawa, ranar da ta ci karo da ƙashin barewa sai bakinta ya ɓantare. Ya ɗauki shafin jarida ya riƙe da yatsu biyu, ya ja wuƙar daga gindi zuwa tsini, takardar ta rabu ba tare da ta yage ko sau ɗaya ba. Inda kaifi ke da matsala, a nan takarda ke sarƙewa.

Wasu cikin maƙeran suna buga JS ko MS kusa da sunansu. Wannan shaidar ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka ce, wadda aka kafa a 1976, kuma ba a samunta da baki. Mai nema zai sare igiya mai kaurin inci guda da ke rataye da sara ɗaya, ya datse katako sau biyu, wuƙar kuma ta iya aske gashi bayan haka, sannan a ɗaure ta a matsi a lanƙwasa ta har ta yi kusurwa 90 ba ta karye ba. Wuƙar gwajin ta tashi daga aiki ke nan, amma mai ita ya samu suna.

Wurin yana da ladubbansa, kuma baƙo yana gane su ne daga kallon da za a yi masa in ya saɓa. Ba a ɗaukar wuƙa sai an nemi izini. Ba a shafa ruwanta da yatsa, domin gumin hannu yana barin tabo, shi ya sa kowane mai tebur ke da ɗan ƙyalle a kusa. In an miƙo maka ita a buɗe, a buɗe za ka mayar, mariƙi na fuskantar mai ita; wasu ma camfi suke da shi cewa rufe wuƙar da wani ya buɗe yana jawo tsiya. In wuƙar naɗewa ce, ana buɗe ta a kama tsinin a girgiza a hankali a ji ko tana motsi, a rufe a leƙa a ga ko ruwan ya kwanta a tsakiya ko ya karkata yana gogar gefe.

Ba'amurken da ba ya neman ragin ko kwabo a kanti, a nan sai ka rantse a Kasuwar Kurmi ya tashi. Ana tayi, ana ƙi, ana yin kamar za a tafi. Tsabar kuɗi ta fi kati ƙarfi, kuma yammacin Lahadi, lokacin da masu tebur suka fara tunanin loda kaya a mota, farashi kan yi laushi. Sai dai maƙeri ba a cika matsa masa ba. Wanda ya san kwanakin da aka yi ana gasa ƙarfe da gogewa yakan ji nauyin yi masa tayin wulaƙanci.

A irin wannan lokaci na sayi tawa, Buck 110 ta hannu, irin wadda ta fito kasuwa a 1964 ta zama wuƙar mafarauta da leburorin Amurka. Tagullar gefenta ta dushe, katakon ya yi duhu da gumin wani, babu wanda ya ce kakansa ya je yaƙi da ita, makullinta kuwa yana kamawa gam. Na haɗa da dutsen washi fari na Arkansas, wanda ake haƙowa a duwatsun Ouachita da ke maƙwabtaka. Mai teburin ya naɗe min su a jarida, ya tambaye ni ko jirgi zan hau. Ya yi gaskiya da ya tambaya, domin abin da ya halatta a zauren nan ba lallai ya halatta a gaba ba. Wuƙa mai maɓalli, wadda ke fitowa da kanta in an danna, ana yawo da ita a Oklahoma, amma a Kalifoniya in ruwanta ya kai inci 2 laifi ne a same ka da ita a aljihu, dokar tarayya ta 1958 kuma ta taƙaita cinikinta tsakanin jihohi. A filin jirgi kuwa ko 'yar ƙaramar wuƙar yanke farce ba ta shiga jakar hannu. Tawa a cikin babban akwati ta yi tafiya, a kubenta, na cusa ta cikin takalmi.