Zuwa Ga Auta, Kan Gwangwanin Miya Da Fuskar Marilyn



 Na karanta abin da kika wallafa kan Andy Warhol, inda kika ce ya zana kayan kanti da fuskokin taurari ne don ya yi wa kasuwar Amurka ba'a. Alƙalaminki ya yi daɗi, amma ban yarda ba, kuma tunda a fili kika faɗa, a fili zan amsa miki.

Mutumin nan ɗan talla ne tun tale-tale. Ɗan talakawa baƙi ne a Pittsburgh, ya koma New York a 1949, ya yi suna da zana takalman mata a tallan kamfanin I. Miller. Zamani ne da gidaje suka cika da firij da talabijin, talabijin kuma na koya wa mutane abin da za su saya gobe. A 1962 ya baje zane 32 na gwangwanin miyar Campbell's a Los Angeles, kowane ɗanɗano da nasa, aka jera su a kan kanta kamar a shago, kowanne dala 100. Masu saye ba su yi yawa ba, sai mai gidan nunin, Irving Blum, ya haɗe su duka a kan dala 1,000. A 1996 suka koma gidan adana zane na MoMA a kan wajen dala miliyan 15.

Inda na fi so ki tsaya shi ne Marilyn Monroe. Ta mutu a watan Agusta na 1962, cikin makonni Warhol ya ɗauko hoton tallan fim ɗinta Niagara ya shiga bugawa. Dabarar kin san ta, ita muke buga rigunan kamfen da ita a shagona: a ɗaure kyalle mai ƙananan ƙofofi a firam, a zuba tawada, a ja ta da roba. Dubi aikinsa da kyau. Jan-baki ya zarce leɓe, kwalli ya kauce wa ido. Da yarona ne ya kawo min haka, da na sa ya sake. Shi kuwa ya bar shi da gangan. A babban zanen da ke Tate a Landan fuskar ta fito sau 50, rabi da launi mai ɗaukar ido, rabi baƙi da fari, tawadar ta yi dabbare-dabbare a wani wuri, ta kuma dusashe can gefen dama. Ya nuna yadda masana'antar fim ta mai da mace haja, ana buga ta har ta ƙare. Gaskiya ce mai ɗaci, amma shi ma da wannan fuskar ya ci abinci. Ɗakin aikinsa ma masana'anta ya raɗa masa suna, daga baya kuma attajirai suka riƙa biyansa ya buga tasu fuskar kamar ta taurari. A 2022, shekara 35 bayan mutuwarsa, an sayar da wata Marilyn ɗinsa dala miliyan 195.

Wanda ya nuna kasuwa tsirara yana kuma cikinta tsamo-tsamo ba ɗan adawa ba ne, shaida ne mai hannun jari. Ki sake duba sakin layinki na uku, ki aiko min kafin hutu. Mamanki na gaishe ki.

Naki,
Babanki