Mazauna Duhun Duwatsun Gozaki

Matafiyin da ya ratsa ƙasar Gozaki, a Ƙaramar Hukumar Kafur, gonakin masara da dawa da auduga ne za su fara cika masa ido. Sai daga baya zai lura da duwatsun da ke warwatse a tsakaninsu. Sunan Dutsen Kura, maƙwabcin Gozaki, yana tuna mana irin namun dajin da suka taɓa fakewa a nan. Yau jemagu na cikin mazauna ramuka da tsagogin duwatsun.

Jemage ba makaho ba ne, amma mai cin ƙwari ya fi dogara da kunne. Yakan saki ƙara siririya wadda kunnen mutum ba ya ji, ta bugi abin da ke gabansa ta dawo, ya gane nisansa da girmansa. A koguna masu zurfi lamarin ya wuce haka: a Meziko akwai kifin da duhu ya raba da idanu da launin jiki, yana neman abinci ta hanyar jin motsin ruwa.

Da magariba jemagu kan fito farautar ƙwarin dare, ciki har da irin waɗanda tsutsotsinsu ke cinye ganyen masara, annobar da ta ƙaru tun ɓullar baƙuwar tsutsa a Nijeriya a 2016. Kashinsu kuma taki ne mai ƙarfi.

Saboda haka duk wanda ya fasa dutse don tsakuwa, ko ya cinna wuta a bakin kogo, ya kori ɗan ƙodagon da ba ya karɓar ko kwabo. Bana zai ga riba, baɗi kuwa manomi ne zai biya a shagon maganin feshi.