Hawa da Gangarar Dutsen Mambila

Mu uku ne muka tashi daga Jalingo da asuba, a hutun Kirsimeti na 2022, kowa a kan babur ɗinsa. Dukanmu malaman makarantar ikilisiya ne. Wani tsohon ɗalibinmu, wanda yake koyarwa a wani ƙauye kusa da Gembu, ya daɗe yana aiko mana da kuka, wai ajinsa duka Littafi Mai Tsarki huɗu suke karɓa-karɓa. Muka tara abin da ya samu, kwali biyu na littattafai da alli, muka ɗaure a baya da roba. Matanmu ba su so tafiyar ba. Uwargidan babban cikinmu ta ce, "Ga mota a tasha, me zai kai dattawa hawan dutse a kan babur?" Amsa ita ce kuɗin mota ya fi ƙarfin aljihun malami. Amma kada mu ɓoye muku, akwai kuma kwaɗayin ganin ƙasa.

Ranar farko ba wani labari sai zafi da ramuka. Muka wuce Garba Chede, muka haye Kogin Taraba a Bali, muka kwana a Serti, inda ofishin Gandun Dajin Gashaka-Gumti yake. An kafa shi a 1991, kuma duk Nijeriya ba gandun da ya kai shi girma. Da safe muka kai baburan wurin wani tsohon bakanike ya ɗaure mana sarƙa. Da ya ji inda za mu, sai ya ce, "Malamai, hawa ba ya kashe mutum. Dawowa za ku ji wa tsoro." Muka yi dariya, muka biya shi.

Daga Mayo Selbe ake fara hawa. Wanda ya saba da hanyar Jos kada ya ce ya san dutse. Jos tana wajen mita 1,200 bisa teku, tudun Mambila kuwa wajen mita 1,600, kuma kusan gaba ɗaya ake hawansa. Hanyar tana naɗewa kamar igiya a jikin dutse. Ka sha kwana zuwa dama, kafin ka miƙe ga wata zuwa hagu, dutse a kafaɗa ɗaya, rami a ɗaya. In ka leƙa, sai ka ga kan itatuwa a ƙarƙashin ƙafarka. Giya ta biyu muka riƙe, wani wurin ta ɗaya, injin yana kuka kamar za a yanka shi. Akwai wani wuri da ake kira Hawan Biyu da Sisi. Mutanen wurin sun ce ladan ɗan dako ke nan a zamanin Turawa, sule biyu da sisi, in ya kai kaya sama a ka. Muka tsaya injina su huce, muka dubi kwalayenmu, muka ji kunyar gunagunin da muke ta yi.

Da muka kai Maisamari sai duniya ta sake. Ba kurmi, sai tuddai masu ciyawa har iyakar gani, da shanu, da layukan itacen turare. Sanyi ya shiga hannuwanmu har kama kuloci ya zama aiki. A Kakara muka ga gonar shayi, abin da muka sha koya wa yara a darasin labarin ƙasa ba mu taɓa gani ba. Wannan ƙasa dā a hannun Jamus take, sa'an nan Ingila ta riƙe ta amana, sai a ƙuri'ar 1961 ta shigo Nijeriya. Can wajen iyakar Kamaru ne Chappal Waddi yake, mita 2,419, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a ƙasarmu. Wani abu da ya rage mana girman kai shi ne harshe. A kasuwar Nguroje mun sami masu jin Hausa, amma Fulatanci ya fi ta tafiya, har tsakanin Mambilawa da maƙwabtansu.

Ran Lahadi muka miƙa littattafan a majami'a. Aka karanta Zabura 121 da Hausa, wani dattijo ya juya da Mambilanci. Yara suka yi ta shinshina sabuwar takarda.

To, ga abin da ya sa muka rubuto muku. Fetur ya fi tsada a kan tudu, kuɗinmu kuma ya yi ƙasa. Ƙaramin cikinmu, malamin lissafi, ya ƙirƙiro dabara: duk inda hanya ta gangara sai ya kashe inji, ya sa firi, babur ya yi ta gudu kyauta. Tun daga Nguroje muka ga yana haka. Ba mu hana shi ba. Mun ma yaba masa, muka ce lissafi ya yi rana.

A ƙananan tuddai ba kome. Babbar gangara kuwa wani abu ce dabam. In babur yana cikin ƙaramar giya, injin ne yake riƙe shi, birki taimako kawai yake yi. In an sa firi, nauyin mutum da na ƙarfe duka a kan birki yake, kwana bayan kwana. Birkin irin baburanmu kuwa, in ya yi zafi ƙwarai, sai ya daina kamawa, ko da ka taka shi har ƙasa. Muna bayansa muka ji ƙauri, muka ga yana shiga kwana da gudun da bai kamata ba, ƙafarsa tana ta dukan birki. Allah ya ba shi hankali ya karkata wajen dutse, ya faɗa cikin lambatun ruwa. Da ɗaya gefen ya bi, da wata takarda dabam muka rubuta wa matarsa.

Hular kwanonsa ta tsage, wuyan hannunsa ya goce, gwiwa ta saluɓe. Wasu Fulani biyu masu kora shanu suka sauko da gudu. Ba mu jin Fulatanci, su kuma Hausarsu kaɗan ce. Mun san a 2017 an zub da jini a wannan tudu tsakanin makiyaya da manoma, ba mu kuwa san abin da yake ransu game da mu ba. Ɗaya ya kwance rawaninsa ya ɗaure hannun, ɗayan ya tsai da wata motar dankali da ta ɗauki ɗan'uwanmu da babur ɗinsa zuwa Serti. Muka miƙa kuɗi, suka ƙi.

Sauran gangarar a giya ta biyu muka yi ta, muna tsayawa muna taɓa birki da bayan hannu. A Serti, bayan an duba majinyacin, muka koma wurin tsohon nan. Ya kwance ƙafar baya, ya nuna mana birkin ya ƙone ya yi santsi kamar tangaran. Bai ce mana kome a kan maganarsa ta farko ba. Kuɗin gyaran ya ninka na fetur ɗin da aka so a rage, mu biyu muka biya, gama da bakinmu a cikin laifin.

Rawanin yana nan a wurinmu, an wanke an ninke. Ɗalibinmu yana ta cigiyar mai shi a rugagen da suke kusa da Maisamari.