Duk Gwaji Ya Ce Lafiyarsa Ƙalau, Shi Kuwa Yana Ramewa

Wannan makon labarin gidanmu muka kawo muku. Mun nemi izinin mai labarin, ya amince da sharaɗin kada mu faɗi sunansa, don haka za mu kira shi yadda muke kiransa a gida: Yaya.

Yaya manomin shinkafa ne a nan Tudun Wada, damina da rani. Tun da mahaifinmu ya rasu shi ne uban gida. Shi ke riƙe da Inna, shi ya biya mana kuɗin makaranta, shi ya aurar da ƙannenmu mata biyu. Ba mu taɓa jin ya ce ya gaji ba.

Bayan girbin ranin 2024 ya fara kuka da ƙirji. Ya ce kamar an ɗora masa garwashi. Cikin dare sai zuciyarsa ta riƙa bugawa fat-fat, gumi ya karyo masa. Daga baya aka samu ƙarin jiri, da zafin tafin ƙafa, da wani abu kamar kiyashi da yake ji yana yawo a kansa yana gangarowa kafaɗa.

Muka fara da kemis, aka ce taifot da maleriya ne, aka yi allurai da ƙarin ruwa. Ya ɗan ji dama kwana uku, abu ya dawo. Wani wurin aka ce olsa ce, aka hana shi yaji da tsami. Da muka ga yana ta ramewa sai muka kai shi Kano. Aka auna jini, aka duba suga da hawan jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka yi gwajin zuciya. Sakamako ya fito, aka ce babu komai. Mu muka yi hamdala, shi kuwa ya ɓata rai, ya ce, "To ƙarya nake yi ke nan?"

Daga nan zance ya koma na sammu. Tunda asibiti ba su ga komai ba, ai da hannu a ciki. Zargi ya faɗa kan wani maƙwabcinsa na gona da suka taɓa sa-in-sa a kan iyaka, har Inna ta daina gaisawa da iyalinsa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ma a wannan hidima ya tafi. Wasu daga cikinmu kuma, Allah Ya yafe mana, muka fara raɗe-raɗin ko raki ne kawai.

Wata takwas muna cikin wannan hali, sai Allah Ya haɗa mu da wani likita. Ya karanta takardun gwajin duka, ya sake duba shi da kyau, sannan ya ce mu ba su wuri. Tambayoyin da ya yi masa, kamar yadda muka ji daga baya, ba mu taɓa yi masa su ba: "Malam, ƙarfe nawa kake farkawa da dare? In ka farka, me yake fara faɗo maka a rai? Yaushe rabon da ka ji daɗin wani abu?"

A mota, mun wuce Kwanar Dangora, Yaya ya buɗe baki. Ashe bashi ne a kansa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya ninka kusan sau uku, injin ban ruwa kuwa ba ya tashi sai da mai. Ya karɓi bashin taki da kuɗin mai a kan zai biya da buhunan shanshera. Kuɗin suka ƙare shinkafa tana tsaka da neman ruwa, ya rage ban ruwa, girbi ya zo ƙasa da rabin abin da ya sa rai. Mai bashi ya ɗaga masa ƙafa sau biyu, na uku ya ce sai dai ya ba da gonar gado jingina. Wata takwas yana ɗauke da wannan, ko matarsa bai gaya wa ba. Ya ce, "In na faɗa muku, ku kuma wa za ku jingina da shi?"

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a haka aka raine mu, musamman maza. Amma abin da aka adana a ciki yana da nauyi, jiki ne kuma yake ɗaukarsa. Likitan ya yi mana bayani dalla-dalla. Idan mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa tana sa jiki ya saki wasu sinadarai, irin su adirenalin da kotizol, don ya shirya gudu ko faɗa. Zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarce, tsokokin wuya da kafaɗa su ɗaure, aikin ciki da hanji ya rikice. Wanda ya ga maciji a gona yana jin haka na 'yan mintoci, ya wuce. Mai bashi ko mai ɓacin rai kuwa nasa macijin yana kwana da shi yana tashi da shi. Shi ya sa zafin da Yaya ke ji na gaske ne, ko da na'ura ba ta ga rauni a zuciya ko a ciki ba.

Da muka bincika sai muka ga abin ba sabo ba ne. Tun 1960 wani likita mai suna Raymond Prince ya yi rubutu a kan ɗaliban Najeriya da ke kuka da zafi da motsi a ka da gajiyar ido a lokacin matsin karatu. Haka kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da bincike a asibitocin ƙasashe 14, har da Ibadan. A rahoton da aka buga a 1999, kashi 69 cikin ɗari na waɗanda aka samu da cutar damuwa ciwon jiki kaɗai suka kai wa likita. Harshenmu ma ya riga ya san haka. Muna cewa gabana ya faɗi, cikina ya ɗuri ruwa, jikina ya yi sanyi, zuciyata tana tafasa. Duk maganar rai ce, amma da sassan jiki muke faɗarta.

Likita ya ba Yaya maganin damuwa, ya gargaɗe shi cewa sai ya yi makonni yana sha kafin ya ga amfaninsa, kuma kada ya daina da kansa. Mu kuma muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko. Muka zauna mu shida muka raba bashin, kawunmu ya je ya samu mai kuɗin aka tsara biya kashi-kashi, gona ta tsira. Inna, wadda ko sunansa ba ta faɗa saboda ɗan fari ne, ta ce, "Ku gaya wa wancan, ni ba dukiya na haifa ba." Ita da kanta ta je gidan maƙwabcin nan ta nemi gafara. Addu'a ba mu daina ba, tare da magani muka haɗa. Barci ne ya fara dawowa, sannan cin abinci. Har yanzu in ransa ya ɓaci yakan ji ƙirjin, amma ya san mene ne, kuma yakan faɗa.

Kada wani ya karanta wannan ya zauna a gida da ciwon ƙirji yana cewa tunani ne. A fara zuwa asibiti a yi gwaji, domin ciwon zuciya da olsa da suga gaskiya ne, kuma suna iya haɗuwa da damuwa a jikin mutum ɗaya. Amma in an yi gwaji an maimaita ba a ga komai ba, to a tambayi mai ciwon barcinsa da abin da ke ransa kafin a tuhumi maƙwabci. A guji sayo masa ƙwayar barci ko taramadol a kemis, don wannan wata masifar ce daban. In ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar. Akwai sashen masu damuwa da lalurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta tanadi kare mutunci da sirrin duk wanda ya je.

Kusan kowane gida a Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji yana da irin Yayanmu, wanda kowa ke kai wa kuka, shi ba mai tambayarsa. In kun koma gida yau, ku zauna da naku ku tambaye shi yadda yake kwana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya biya wa masu bashi bashinsu.