Yadda Masu Ƙananan Sana'o'i ke Samun Kwastoma a Birtaniya da Ƙasar Hausa

Mai gyaran famfo, mai aikin wayarin, makanike, tela, mai aski, mai kitso da mai girkin biki duk aikinsu suke sayarwa, kuma aiki ba a ganinsa sai an gama shi. Wanda zai sayi atamfa a Kantin Kwari yana iya murza ta, ya ɗaga ta a haske kafin ya zaro kuɗi. Wanda zai ba da ɗinkin sallah kuwa sai dai ya miƙa yadinsa ya koma gida ya jira. Shi ya sa abu na farko da mai irin wannan sana'a yake nema shi ne yarda. Haka abin yake a Kano da Maraɗi, haka yake a Landan da Manchesta. Inda aka bambanta shi ne wurin da ake ajiye yardar da hanyar da baƙon kwastoma zai bi ya same ta.

A ƙasar Hausa yarda tana wuyan mutum. Magidancin da famfonsa ya fashe ba ya neman talla. Idan an idar da sallar magariba sai ya tambayi 'yan majalisa ko akwai wanda ya san mai gyara na kirki. Wani zai ce akwai yaron da ya yi masa aiki bara, hannunsa na da kyau, ba ya wasa da alkawari, sannan ya kira shi nan take ya ce, "Ga Alhaji nan, yayana ne, ka yi masa yadda kake yi mini." Da wannan maganar ya tsaya wa ɓangarorin biyu. Idan aikin ya ɓaci, ƙorafi wurinsa zai fara zuwa, shi kuma mai gyaran ya san ba kwastoma ɗaya zai rasa ba, majalisa guda ce. Ɗaurin aure, suna, ta'aziyya, sahun masallaci da teburin mai shayi su ne wuraren da ake sanin juna, amma ba wanda yake zuwa can da sunan neman kasuwa. Wanda ya fito da katin sana'arsa a zaman makoki ya zubar da mutuncinsa, alhali zuwan da ya yi shi ne zai sa a tuna da shi ranar da aiki ya taso.

Wannan tsari yana da tushe mai nisa. Sarautun sana'a irin su Sarkin Maƙera, Sarkin Aska da Sarkin Magina sun daɗe suna sasanta rikici tsakanin mai sana'a da wanda aka yi wa aiki. Yaron da ya koyi aiki yana gadon wasu daga cikin kwastomomin ubangidansa ranar da aka yaye shi. Dillali yana haɗa mai nema da mai yi, ya karɓi la'adarsa a fili. Binciken da Abner Cohen ya wallafa a 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan ya nuna yadda masu masauki ke tsaya wa fataken shanu da goro har a yi cinikin bashi mai yawa ba tare da takarda ba. Talla ta zamani ta shigo, daga lambobin waya da ake rubutawa a jikin katanga zuwa sanarwa a gidajen rediyo irin su Freedom da ke Kano, zuwa hotunan ɗinki da lalle a WhatsApp da Instagram, amma duk a kan tsohuwar hanyar suka hau. Hoton yana jawo ido, sai dai mai neman tela za ta fara tambayar ƙawarta ko ta taɓa kai mata ɗinki.

A Birtaniya, a ƙididdigar 2024, akwai harkokin kasuwanci masu zaman kansu kusan miliyan 5.5, kuma kusan kashi uku cikin huɗu ba su da ma'aikaci ko ɗaya ban da mai su. Ke nan yawancinsu mutum ɗaya ne da motarsa da kayan aikinsa. Abin da ya rasa shi ne majalisa. Mutane suna yawan sauya gari, maƙwabta kan shekara ba su wuce gaisuwar baki ba, biki kuma sai da katin gayyata. Saboda haka yardar da Bahaushe ke samu a bakin ɗan'uwa, a can an mayar da ita cikin rajista, takarda da sharhin baƙi.

Mataki na farko shi ne shaidar hukuma. Tun 2009 duk mai taɓa na'urar iskar gas a gidan wani dole ya kasance cikin rajistar Gas Safe, yana ɗauke da kati mai hoto da lamba, kuma mai gida yana iya duba lambar a intanet kafin ya buɗe ƙofa. Mai renon yara a gidanta a Ingila sai ta yi rajista, an bincika ko tana da tarihin laifi. Kwastomomi da yawa suna tambayar inshorar da za ta biya idan mai aiki ya yi ɓarna, suna kuma neman farashi a rubuce daga mutum biyu ko uku kafin su zaɓa. Tayi da ragi irin na kasuwar Kurmi ba su cika shiga ba. Abin da aka rubuta shi ake biya.

Mataki na biyu shi ne sharhi. Littafin Yellow Pages, wanda ya fara fitowa a Brighton a 1966, shi ne ya riƙe kasuwar neman masu sana'a shekaru da dama, har aka buga na ƙarshe a Janairun 2019. Yanzu Google da shafuka irin su Checkatrade ne suka gaje shi. Asalin Checkatrade ma darasi ne: a 1998 guguwa ta yi ɓarna a garin Selsey, 'yan damfara suka cika garin da sunan gyaran rufi, sai wani ɗan garin, Kevin Byrne, ya fara tattara sunayen masu aikin da aka tantance. Mai sana'a yana biyan kuɗi don a sa shi a irin waɗannan shafuka, kwastomomi kuma suna ba shi maki bayan kowane aiki. Da ya gama gyara, kafin ya tattara kayansa, zai roƙi mai gida ya rubuta masa 'yan kalmomi. Tun da maki ya zama kuɗi, algus ya shigo, har ta kai daga Afrilun 2025 doka ta haramta rubuta sharhin ƙarya ko sayensa.

Abin da zai fi ba Bahaushe mamaki shi ne yadda ake shirya sanayya da gangan, a sa mata rana da kuɗin shiga. Ƙungiyar BNI, wadda Ivan Misner ya kafa a Kalifoniya a 1985, tana da rassa da yawa a Birtaniya. Reshe yana zama sau ɗaya a mako, galibi da sassafe a zauren wani otal, kafin a fita aiki. Kowace sana'a kujera ɗaya take da ita: idan akwai mai aikin lantarki a reshen, ba za a karɓi na biyu ba. Kowa yana tashi ya yi kusan minti ɗaya yana faɗin abin da yake yi da irin kwastoman da yake nema a makon. Daga nan a zagaya, kowa ya bayyana wanda ya tura wa wani mamba, a rubuta, a ƙirga. Wanda ba zai samu zuwa ba sai ya aiko wakili, wanda ya yawaita fashi kuma yana iya rasa kujerarsa. Kuɗin shekara ba kaɗan ba ne, ga na karin kumallo. A taƙaice adashi ne, sai dai kwastoma ake zubawa maimakon kuɗi. Tsarin yana da amfani ga akanta, lauya ko mai gini, wanda aiki ɗaya zai mayar masa da kuɗinsa. Ga mai aski ko mai share gida da wuya ya biya wahalarsa. Yana da aibi kuma: wanda ake ƙirga masa yawan mutanen da ya tura yana iya tura sunan da bai san ingancinsa ba don kawai a ga ya kawo wani abu, abin da mai tsaya wa mutum a unguwa ba zai yi ba, domin shi fuskarsa ce jingina.

Doka kuma ta taƙaita hanyoyin kai wa mutum talla. Wanda ya sa lambarsa a rajistar masu ƙin kiran talla, wato TPS, ba a kiransa don talla, kuma tura saƙon waya ko imel na talla ga wanda bai amince ba yana jawo tara. Wasu unguwanni suna da alamar hana ƙwanƙwasa ƙofa don neman aiki. Yarjejeniyar da aka ƙulla a gidan kwastoma galibi yana da kwana 14 da zai iya fasa ta. Tura hoton kaya ga duk lambar da ke cikin waya, wanda ya zama ruwan dare a Najeriya da Nijar, a can yana iya zama laifi. Haka ma kamasho: idan ma'aikacin kamfani ya karɓi na goro a ɓoye don ya ba wani aiki, dokar cin hanci ta 2010 tana iya hawa kansa.

Idan aka saɓa, Bahaushe yana kai ƙara wurin wanda ya haɗa su, ko shugaban ƙungiyar masu sana'ar, ko mai unguwa, a yi sulhu, sau da yawa a ce a yi haƙuri. A Ingila da Wales akwai sashen ƙananan ƙararraki a kotu na abin da bai wuce fam 10,000 ba, ga kuma mummunan sharhi da zai zauna a intanet shekara da shekaru.

Kowane tsari yana da wanda yake bari a baya. Na ƙasar Hausa yana wahalar da baƙo da marar ubangida, kuma kunya tana hana a faɗi gaskiya kan ɗan'uwan da bai iya aiki ba. Na Birtaniya yana buɗe ƙofa ga wanda bai san kowa ba, amma sai ya kashe kuɗin rajista, inshora da talla kafin ya ga kwastoman farko, kuma sabon shiga marar sharhi yana ƙasan jeri. Hausawan da ke zaune a can galibi suna haɗa biyun. Mai girki ko mai lalle tana farawa da masallaci da zaurukan WhatsApp na 'yan Arewa, inda maganar baki ta isa. Ranar da take son wuce wannan da'irar sai ta yi rajistar girkinta da ƙaramar hukuma, abin da doka ta ce a yi aƙalla kwana 28 kafin fara sayar da abinci, a zo a duba tsaftar kicin ɗinta a ba ta maki daga sifili zuwa biyar.