Labarin da ya dawo inda ya tashi

A rubutun ɗalibaina na koleji, da Faransanci ko da Hausa, babu abin da ke ba su wuya kamar rufe labarin rayuwarsu. Mafi yawansu, da hannu ya gaji, sai su liƙa karin magana su ajiye alƙalami.

Nakan kai su ga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Littafin ya buɗe ne a Rauta, babban malami yana zaune cikin almajiransa, aka tambaye shi asalinsa. Sai ya kwashe labari: maraici, sacewa, bauta, ƙetare Sahara, da mahaifiyar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu fataucin bayi, suka sadu tana gab da cikawa. Sa'annan labari ya komo Rauta. Garin bai sāke ba, malamin yana nan inda muka bar shi, amma yanzu mun san abin da ya rasa kafin ya zauna bisa buzun nan. Makaɗa sun daɗe da sanin wannan: amshi ɗaya ne, sai dai kowane ɗiya na waƙa yana ƙara masa nauyi.

Wasu ɗalibai, da jin haka, sai su kwafi jimlar farko su maida ta ƙarshe, wai sun rufe. Wannan maimaici ne kawai. Idan yarinya ta fara labarin rasuwar kakarta da tsohuwar tana dakan hatsi, nakan tambaye ta ina turmin yake yanzu, kuma wa ke daka a cikinsa.