Minsharin Maigida Ya Lafa, To Ciwon Fa?

Uwargida, ke ce kike kwana kusa da maigida, don haka kin san abin da shi kansa bai sani ba. Akwai minsharin gajiya, akwai kuma wanda numfashi ke ɗaukewa cak na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan mutum ya zabura yana shaƙar iska. Na biyun nan ciwo ne. Naman ganɗa da gindin harshe ne ke saki cikin barci su toshe hanyar iska. In aka ƙyale shi yana iya kai mutum ga hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da gyangyaɗi a kan sitiyari.

Da aka gano maigidana yana da shi, sai ya ƙi na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, wadda likita Colin Sullivan ya fito da ita a Ostareliya a 1981. Ya zaɓi aikin da ake yi da zafin igiyar rediyo. Ana kashe wajen da allura, a soka siririn ƙarfe cikin ganɗa ko gindin harshe, a ɗumama naman daga ciki. Cikin 'yan makonni sai ya yi tabo, ya tsuke, ya yi tauri. Sau uku aka yi masa, muka samu barci mai daɗi. Amma a shekara ta uku, da ya ƙara ƙiba, na soma jin numfashin yana ɗaukewa kamar da.

Ba shi kaɗai ba ne, 'yar'uwa. Likitocin Stanford a Amurka, su Nelson Powell, waɗanda suka fara wannan aiki, sun sake duba mutum 16 da suka yi wa a gindin harshe, suka fitar da sakamakon a 2002. Kafin aikin, numfashinsu kan tsaya ko ya ragu kusan sau 40 a awa. Bayan aikin ya sauko ƙasa da 20. Bayan wata 28 kuwa ya koma kusan 29. Sauƙi ya samu, amma bai zauna yadda aka so ba. Aikin ya fi amfanar wanda ciwonsa bai yi tsanani ba, kuma sau da yawa sai an maimaita.

Saboda haka kada raguwar ƙara ta ruɗe ki. Ki riƙa kasa kunne cikin dare. In yana tashi da ciwon kai, ko barci na sace shi ana tsakiyar hira, ki lallashe shi ya koma a sake masa gwajin barci. Ki rage masa maiƙo da tuwon dare mai nauyi, ki tuna masa ya kwanta ta gefe maimakon rigingine. Nawa dai ya koma ga na'urar da ya guda, kuma yanzu da ita yake kwana.

Allah Ya ƙara mana lafiya da mu da iyalanmu.